Ƙaramin rukunin tattaunawa na Kirista a gidan kaso: tarihinsa da matsalar jagoranci, 1730-2007

1. Gabatarwa

Wannan takarda tana duba tarihin wata hanya ta aikin addini wadda Kiristoci suka daɗe suna bi a gidajen kaso, wato a tara ƴan kaso kaɗan, daga 6 zuwa 12, su zauna wuri ɗaya a ƙarƙashin wani jagora, su karanta wani yanki na Littafi Mai Tsarki, su tattauna a kansa da kuma a kan rayuwarsu. Auna gaskiyar aƙida aikin malaman tauhidi ne, ba namu ba. Tambayar da muka sa gaba ta tarihi ce: a wurin da mutum ba shi da ikon buɗe ƙofa ya fita, wane ne ke da bakin magana, wa ke naɗa jagora, kuma me ɗan kaso ke rasawa in ya ce ba ya zama?

Yawancinmu mun san tarihin kaso na zamani ta hanyar littafin Michel Foucault, Surveiller et punir (1975), wanda ya ba da ƙarfi ga kaɗaita ɗan kaso da sa masa ido. Amma tun kafin a gina manyan gidajen kaɗaici akwai wata hanya da ta yi ta gogayya da su, ita ce ta zama tare da magana. Ra'ayinmu shi ne, wannan hanya ta yi amfani a lokutan da ƴan kaso suka shiga da yardarsu kuma aka bar musu magana, ta kuma lalace duk sa'ad da ta zama ƙofar samun gata daga hukumar kaso. Za mu bi misalai daga Ingila da Faransa da Amurka da Burazil, domin a can abin ya faru, sannan mu ga abin da ya shafe mu.

2. Tushe biyu: Oksfod da Biristol

Ziyarar ɗaurarre tsohon umurni ne a addinin Kirista; ana kafa hujja da Matta 25 da Ibraniyawa 13. Amma ziyara daban, rukuni daban. A watan Agusta na 1730 wani ɗalibin jami'ar Oksfod mai suna William Morgan ya ja abokansa John Wesley da ƙanensa Charles zuwa kason garin, suka mai da ziyarar al'ada ta kowane mako. Abin da suke yi shi ne wa'azi da addu'a da taimakon waɗanda aka ɗaure saboda bashi. Mai ziyara ke magana, ɗan kaso yana saurare.

Tsarin rukuni kuwa a wajen kaso aka haife shi, kuma dalilinsa kuɗi ne. A watan Fabrairu na 1742 mabiyan Wesley na garin Biristol suna neman hanyar biyan bashin ɗakin taronsu, sai aka raba su aji-aji, kowane aji kimanin mutum 12, da jagora ɗaya mai karɓar kwabo ɗaya daga kowa a mako. Ba a daɗe ba aka lura cewa mai karɓar kwabo ya fi fasto sanin halin mutanensa. Daga nan aji ya koma zama na mako-mako inda kowa ke faɗin yadda ransa yake, jagoran kuma ba malamin coci ba ne, talaka ne kamar sauran.

A lokacin nan gidajen kaso na Ingila ba su da wani tsari. John Howard, wanda ya zagaya su ya buga littafinsa The State of the Prisons a 1777, ya tarar yari ba shi da albashi, daga ƴan kaso yake cin abinci, har wanda kotu ta wanke ana riƙe shi sai ya biya kuɗin fita. Maza da mata da yara suna cakuɗe, zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa yana kashe mutane. Howard da waɗanda suka bi bayansa sun kammala cewa cuɗanya ita ce cutar, saboda haka maganinta rabuwa. Wannan tunani za mu sake gamuwa da shi a gaba.

3. Newgate, 1817: aji 12 da ɗaga hannu

Wadda ta shigar da tsarin aji cikin kaso ita ce Elizabeth Fry (1780-1845), ƴar ɗariƙar Kwaka, masu kiran kansu Jama'ar Abokai. A farkon 1813 wani mai wa'azin Kwaka haifaffen Faransa, Stephen Grellet, ya ba ta labarin ɓangaren mata na kason Newgate a Landan, inda mata kusan 300 da ƴaƴansu ke cushe cikin ɗakuna kaɗan, a nan suke girki da wanki da kwana a ƙasa. Ta kai musu tufafi, amma matsalolin gida suka tsare ta har ƙarshen 1816.

Da ta koma, ba da wa'azi ta fara ba. Ta tambayi matan ko suna son a buɗe wa ƴaƴansu makaranta, kuma ta ce su zaɓi malama daga cikinsu. Suka zaɓi wata budurwa, Mary Connor, wadda aka ɗaure bisa zargin satar agogo. A watan Afrilu na 1817 aka kafa ƙungiyar mata 12 masu ziyara, 11 ƴan Kwaka, ɗaya matar wani limamin cocin Ingila. Aka tara ƴan kason a gaban hukumomin birni, aka karanta musu dokokin da ake so a bi, ɗaya bayan ɗaya, kowace doka sai sun ɗaga hannu alamar yarda kafin a wuce ta gaba.

Dokokin sun ƙunshi abubuwa kamar haka: a raba matan aji-aji, kada aji ya wuce mutum 12, kowane aji yana da mai lura wadda aka ɗauko daga cikin masu natsuwa da suka iya karatu, za a yi ɗinki da saƙa, babu caca, babu zagi, babu bara, za a taru a ji karatun Littafi Mai Tsarki da ƙarfe 9 na safe da ƙarfe 6 na yamma, kuma mace ce za ta kula da ɓangaren dare da rana. Tsarin mai lura ya yi kama da na makarantun Joseph Lancaster, shi ma ɗan Kwaka, inda manyan ɗalibai ke koyar da ƙanana.

Bai kamata mu ƙawata abin fiye da yadda yake ba. Matar da ke tsare, tana tsaye gaban hukumomin da ke riƙe da makullinta, ɗaga hannunta ba cikakken zaɓi ba ne. Masu ziyara ƴaƴan attajirai ne, ƴan kason talakawa. Karatun ma Fry ce ko wata daga cikin ƙawayenta ke yi, ba muhawara ake buɗewa ba. Duk da haka, abubuwa uku sun fito fili a tsarin: an nemi yardar ɗaurarru, an ba wasunsu ragamar ƴan uwansu, kuma waɗanda suka kawo tsarin ba ma'aikatan gidan ba ne, ba su da bulala ba su da makulli. Al'adar Kwaka ta taimaka a nan, domin a taronsu babu limami, ana zama shiru, duk wanda ya ji yana da abin faɗi, mace ko namiji, sai ya tashi ya faɗa.

Labari ya bazu. A 1818 Fry ta ba da shaida gaban kwamitin majalisar dokoki, kuma dokar gidajen kaso ta 1823 ta wajabta raba maza da mata da sa mata su tsare mata. An kai tsarin aji 12 har cikin jiragen ruwa masu kwashe ɗaurarru zuwa Ostareliya. Bargon faci-faci da matan jirgin Rajah suka ɗinka a hanya a 1841 yana ajiye a birnin Kambera. A 1838 ta ziyarci gidajen kaso na Faransa, ciki har da na mata na Saint-Lazare a Paris. Sai dai suna ya zo da nasa lahani: manyan gari suka riƙa zuwa Newgate kallon yadda take karatu matan suna kuka, zaman da aka fara domin ƴan kaso ya soma zama abin nuni ga baƙi. Wannan shi ne alamar farko ta haɗarin da ke bin wannan aiki har yau, wato rukuni ya koma shaidar nasarar jagora.

4. Zamanin shiru

Hanyar Fry ba ita ta yi rinjaye ba. A Amurka, jihar Pensilvaniya ta buɗe kason Eastern State a Filadelfiya a 1829, inda kowane ɗaurarre ke zaune shi kaɗai dare da rana, da aikin hannu da Littafi Mai Tsarki. A Auburn ta jihar New York ana aiki tare da rana amma an hana magana. Abin lura, ƴan Kwaka na Filadelfiya suna cikin masu goyon bayan kaɗaici, ke nan ɗariƙa ɗaya ta haifi hanyoyi biyu masu karo da juna. Alexis de Tocqueville da Gustave de Beaumont sun je sun duba tsarin biyu a 1831, rahotonsu na 1833 ya tada muhawara a Faransa.

A Ingila, masu binciken gidajen kaso da aka naɗa a 1835, William Crawford da Whitworth Russell, wanda shi kansa tsohon limamin kaso ne, sun soki halin Newgate, suka tsaya kan kaɗaici. Fry ta yi gargaɗi a kan illar kaɗaici ga hankalin mutum, ba a saurare ta ba. A 1842 aka buɗe Pentonville mai ɗakuna 520. In ɗan kaso zai fita ɗakinsa sai ya sa hula mai rufe fuska. A ɗakin sujada kuma kowa yana cikin akwatin katako, yana ganin mai wa'azi, ba ya ganin na kusa da shi. Faransa ta bi sahu da dokar 5 ga Yuni 1875, kuma kason Fresnes da aka buɗe a 1898 shi ma an yi masa ɗakin sujada mai akwatuna.

Ginin kansa ya bayyana aƙidar: murya ɗaya ce halattacciya, ta limami, wanda yanzu ya zama ma'aikacin hukuma mai albashi, mai rubuta rahoto a kan tubar kowa. Sakamako biyu suka biyo baya. Na farko, taɓin hankali ya yawaita, har aka rage wa'adin kaɗaici a Pentonville daga wata 18 zuwa 12, daga baya zuwa 9. Na biyu, tun da ra'ayin limami yana da tasiri a kan makomar mutum, ƴan kaso suka koyi nuna tuba ta baki, kuma marubutan zamanin, har da Charles Dickens, sun yi ta ba'a da wannan tubar muzuru. Pensilvaniya ta yi watsi da tsarin kaɗaici a hukumance a 1913.

5. Dawowar rukuni, 1942-1979

Rukuni ya dawo kaso ta wata ƙofa da ba a zata ba. Ƙungiyar masu yaƙi da jarabar giya, Alcoholics Anonymous, wadda ta tsiro a 1935 daga wata ƙungiyar farfaɗo da addinin Kirista mai taro a ƙananan rukunoni, ta sami izinin yari Clinton Duffy ta fara zama a kason San Quentin na Kaliforniya a 1942. A zaman nan babu mai wa'azi, kowa labarin kansa yake bayarwa, kuma abin da aka faɗa a ɗaki a ɗaki yake tsayawa.

Tushe na biyu shi ne Cursillo, wata hanyar horon kwana uku da Katolika suka fara a tsibirin Mayorka na Sipaniya cikin shekarun 1940, inda mahalarta ke zama tebur-tebur suna tattauna kowane jawabi, bayan haka su ci gaba da haɗuwa kowane mako. Daga gare ta rassa biyu suka shiga kaso. A Burazil, lauya Mário Ottoboni da abokansa suka kafa APAC a São José dos Campos a 1972, wadda ta kai ga gudanar da gidajen kaso inda ɗaurarru da kansu ke riƙe makullai kuma suna da majalisarsu. A Amurka, an yi zaman farko a kason Raiford na Florida a 1976, abin da aka raɗa wa suna Kairos a 1979.

Tsarin Kairos ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya amsa tambayar jagoranci a fili. Kowane tebur yana da ƴan kaso 6 da ƴan sa-kai 3. An hori ƴan sa-kai su fi saurare a kan magana, kada su tambayi mutum laifin da ya kawo shi, kada su ja muhawara kan abin da ya raba ɗariƙu. Ana neman a gayyato waɗanda ke da faɗa-a-ji a cikin gidan, har da masu taurin kai. Mafi muhimmanci, bayan kwanakin horo baƙi suna komawa gida, rukunin mako-mako na addu'a da faɗin damuwa ƴan kaso ne ke tafiyar da shi. Aikin jagora daga waje shi ne ya shirya ranar da ba za a bukace shi ba.

A shekarar 1976 ɗin dai Charles Colson, tsohon mashawarcin shugaba Nixon wanda ya yi wata 7 a kaso a sanadin badaƙalar Watergate, ya kafa Prison Fellowship, reshenta na duniya kuma a 1979. Ta hanyar wannan ƙungiya ce tsarin ƙaramin rukuni da littattafan jagoransa suka isa ƙasashe da yawa, har da na Afirka.

6. Inda gata ya shigo: Texas da Iowa

A 1997 Prison Fellowship ta buɗe wani shiri mai suna InnerChange a wani kaso kusa da Houston, zamanin da George W. Bush ke gwamnan Texas. An ware ɓangare guda inda rayuwar yini duka ta ginu a kan karatun Littafi Mai Tsarki da zaman rukuni. Binciken Byron Johnson da David Larson na 2003 ya nuna cewa cikin waɗanda suka kammala shirin kashi 8 cikin 100 ne kawai suka koma kaso cikin shekara 2, alhali a rukunin kwatanci kashi 20 ne. Amma Mark Kleiman ya ja hankali ga wani lissafi da ke cikin rahoton kansa: mutum 177 suka shiga, 75 suka kammala, kuma in aka haɗa duka 177, waɗanda suka koma kaso sun kai kashi 24. Wannan darasi ne ga ɗalibanmu masu bincike: wanda ya ƙirga waɗanda suka kai ƙarshe kaɗai, ya ƙirga nasara ne tun kafin ya fara.

A jihar Iowa, inda aka buɗe shirin a kason Newton a 1999 da kuɗin gwamnati, maganar ta kai kotu. A watan Yuni na 2006 alƙali Robert Pratt ya yanke cewa shirin ya saɓa wa tsarin mulki. Cikin hujjojinsa akwai cewa mahalarta suna zaune a ɓangaren da ya fi kyau a gidan, suna da sauƙin da sauran ba su da shi, kuma babu wani shiri makamancinsa ga Musulmi ko Bayahude ko Katolika da ba ya son a taɓa aƙidarsa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ainihin hukuncin a Disamba 2007, ko da yake ta soke umurnin mayar da kuɗin da aka riga aka kashe. Ke nan matsalar Pentonville ta dawo da sabuwar riga: in ɗaki mai kyau yana bayan ƙofar rukuni, jagora ba zai taɓa sanin wa ya zo don Allah, wa ya zo don katifa ba.

7. Abin da ya shafe mu

Kason da nasara suka kawo ƙasashenmu ba na kaɗaici ba ne. Kamar yadda littafin da Florence Bernault ta tsara a 1999 ya nuna, kason mulkin mallaka wurin tara mutane ne a manyan ɗakuna da samar da hannun aiki, kuma dokar talakawan mallaka, wadda aka soke a 1946, ta ba kwamanda ikon tsare mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Wannan gado yana da ma'ana ga batunmu ta fuska uku.

Na farko, inda ake tara mutane da yawa a ɗaki guda, ɗakin ya riga yana da shugabansa daga cikin ƴan kaso, mai raba wurin kwana. Wanda ya zo daga waje ya naɗa mai lura irin na Fry, ko dai ya ƙara wa wannan shugaba ƙarfi, ko ya kafa masa kishiya, saboda haka wajibi ne ya san wanne yake yi. Na biyu, da yawa daga cikin waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Abin da mutum ya furta a zaman tuba yana iya zama shaida a kansa, don haka ƙa'idar kada a tambayi laifi ta fi nauyi a nan. Na uku, inda abinci da sabulu da magani suka yi ƙaranci, kuma Kiristoci ƴan tsiraru ne a cikin gidan kamar yadda suke a waje, duk abin da aka raba wa mahalarta kaɗai ya zama farashin zama. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1955, waɗanda aka sabunta a 2015 da sunan Nelson Mandela, sun haɗa abu biyu wuri guda: kada a hana ɗan kaso ganin malamin addininsa, kuma in ya ƙi ziyarar wani malami a girmama ƙinsa. Wannan ya hau kan fasto kamar yadda ya hau kan malamin da ke zaunar da ɗalibai karatun Alƙur'ani a farfajiyar gida ɗaya.

8. Kammalawa

Daga Oksfod zuwa Iowa mun ga jagora iri huɗu: mai ziyara da ke wa'azi, mai lura da aka ɗauko daga cikin ɗaurarru, limamin hukuma mai rubuta rahoto, da ɗan sa-kai mai saurare wanda ke shirin janyewa. Shaidar tarihi ba ta ba mu ikon cewa zaman rukuni yana hana komawa laifi ba. Lissafin Texas ya isa gargaɗi. Abin da ta nuna shi ne sharuɗɗan da ke sa zaman ya kasance na gaskiya: shiga da fita ba tare da lada ko horo ba, sirrin abin da aka faɗa, da jagoran da ba kunnen yari ba ne. Muna ba da shawara ga ɗaliban da ke neman batun bincike su nufi rajistocin gidajen kaso da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, da takardun majami'u da na mishan a Maraɗi da Damagaram, da kuma tsofaffin masu gadi da waɗanda suka taɓa zama a ciki, su tambaye su wa ke jan salla da addu'a a ɗaki, wa ya ɗora shi, kuma me ake ba shi.